Maigidana Na Yaƙi Da Tallan Da Ke Riƙe Da Shafina

Assalamu alaikum Anti Luba. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki sa wasiƙar nan a layi, domin bikin 'yar ƙanwar maigidana ya matso, abin da nake shirin aikatawa a wurin bikin nan kuwa ni kaina ban tabbatar aikin hankali ba ne. Ki sakaya sunana, ki kira ni Mai Tukunya.

Ni matar aure ce a Nasarawa GRA. Na daɗe ina koyar da darasin kula da gida a sakandare kafin in ajiye alli, bayan na ajiye ne na buɗe shafin intanet na girkin masu ciwon suga, da Hausa. Na gaji ne da ganin yadda ake azabtar da masu wannan ciwo. Da zarar likita ya faɗa, sai a ɗora mutum a kan wake da ganye safe da yamma har ya manta ɗanɗanon duniya. A shafina akwai tuwon acca, da faten acca, da ɗanwaken alkama, da kwaɗon zogale iri-iri, da yadda za a auna kowanne. Ba ni kaɗai nake aikin ba. Akwai Sista Pamela, 'yar Zariya, ƙwararriya a kan abincin marasa lafiya a wani asibiti a nan Kano. Duk girkin da zan saka sai ta duba ta amince, ni kuma ina sallamarta duk wata. Akwai kuma kamfanin da nake haya a wurinsa, inda shafin yake zaune, shi kuwa ba a biyansa da Allah ya saka da alheri. Da kuɗin talla nake ɗaukar duk wannan nauyin. Na yi rajista ne da wani kamfanin talla, na ware masa gurabe a shafin, shi yake zuba abin da ya ga dama a ciki, idan mutane sun gani ko sun taɓa, sai a ɗan yaga min wani abu.

Maigidana, wanda zan kira Alhaji, bai san haka ba. Ba ƙarya na yi masa ba, Anti, ina so ki riƙe wannan. Shi da kansa ya yanke hukuncin cewa fi sabilillahi nake yi, ya shiga gaya wa duniya, ni kuma na ga ba tarbiyya ba ce mace ta katse mijinta yana tsakiyar yabonta. Tsohon jami'in kwastam ne, ya yi ritaya lafiya da mutuncinsa, sai dai tun da ya dawo gida ya rasa abin da zai bincika. Buhun shinkafa in ya shigo sai ya juya shi ya karanta inda aka yi shi. Kayan miya ma sai sun tsaya a bakin ƙofa an yi musu tambayoyi. Ban taɓa damuwa ba, mutumin kirki ne, kuma a duk faɗin Kano babu mai alfahari da shafina kamarsa.

Masifar ta faro ne daga kan mahaifiyarsa. Hajiya tana zaune a Gawuna, ta ƙi dawowa wurinmu, wai ba za ta iya zama a unguwar da mutum zai wuni bai ji sallamar maƙwabci ba. Tana da suga, tana shan maganinta na asibiti, kuma tana cikin masu karanta shafina na farko, a hankali take bin rubutun da yatsa. Ashe wata rana, ana cikin bayanin tuwon acca, sai talla ya faɗo mata: hoton wata kwalba, da wani mutum cikin farar riga yana murmushi, wai a sha a rabu da suga har abada. Hajiya ta kira lambar, aka kawo mata har gida, ta tattara magungunan asibiti ta sa a ƙarƙashin gado. Ba mu sani ba sai da ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Ta yi kwanaki a asibiti, Allah ya sa da sauran shan ruwa, yanzu ta warware. Da ta fara samun kanta na matsa kusa da gadon na tambaye ta, cikin ladabi, me ya sa ba ta tuntuɓe ni ba. Ta dube ni ta ce, "Ai a gidanki na gan shi. Na ce surukata ba za ta ajiye abin banza a gidanta ba."

Anti, a wurin Hajiya shafin nan gidana ne, duk abin da ke cikinsa ni na shimfiɗa masa tabarma. Kafin in buɗe baki Alhaji ya gama bincike ya rufe fayil: 'yan fasa-ƙwauri ne suka kutsa shafin matarsa suka shigo da haramtattun kaya. Ina tsaye a wurin, na ji da kunnena. Sai na sunkuya na shiga gyara wa Hajiya mayafi.

Ba a jima ba wani abokinsa a majalisa ya nuna masa wata burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita a waya, mai toshe talla gaba ɗaya. A ranar, Alhaji ya dawo gida fuskarsa na ƙyalli kamar wanda aka mayar bakin aiki. Wayata ya fara saka wa, sai ta Hajiya, sai ta direba da maigadi da mai kawo mana kayan miya. Daga nan ya fita gari. Bayan la'asar yana ƙofar masallacin layinmu yana karɓar wayoyi. A ɗaurin aure, kafin a raba goro ya gama da sahun gaba. Har wurin ta'aziyya an ce ya yi wa ɗan mamaci gaisuwa sannan ya miƙa hannu ya ce a ba shi wayar. Yana yawo da abin caji a aljihu, yana jona wa mutane datarsa kyauta, ya ce sadaka ce mai gudana. Yanzu a unguwa Alhaji Shinge ake ce masa, yana kuma amsawa.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Duk wayar da ya saka wa shingen sai ya buɗe shafina ya kafa shi a gaba, ya yi wa mai wayar nasihar ya riƙa karantawa ko da ba shi da suga, domin ba a san gobe ba. Ya kuma ɗauki muryarsa yana koyar da yadda ake saka manhajar, yana rufewa da sunan shafina. Saƙon ya zaga zaurukan matan Islamiyya da na tsofaffin ma'aikata, har gwaggona ta Kaduna ta turo min shi, an rubuta a ƙasa a yaɗa don Allah. Masu karatu suka ƙaru fiye da yadda na taɓa mafarki. Kamfanin da nake haya a wurinsa ya aiko yana taya ni murna, a saƙon da ya biyo baya ya ƙara min kuɗin haya. Kuɗin talla kuwa ya ƙafe, sai ɗan abin da yake ɗigowa.

Gaskiya ɗaya ce, manhajar tana aiki. Shafi na buɗewa nan take, data tana auki, babu hoton caca da na maganin ƙiba da ke tsalle a fuskar mutum. Ni kaina in na shiga shafukan wasu daɗinta nake ji. A nawa shafin ne kawai nake ganin zalunci ce.

Ba zama na yi na naɗe hannu ba. Na saka sanarwa a shafin, cikin lafazi mai taushi, ina roƙon mai karatu ya ɗage shingen don a tallafa wa aikin. Alhaji ya gani muna karin kumallo. Ya ajiye kofin shayi ya ce abin ya kai inda ya kai, 'yan fasa-ƙwaurin sun koma bara da sunan matarsa, ya ɗauki hula zai je ya kai ƙara. Da ƙyar na zaunar da shi da alƙawarin zan gyara. Kafin azahar na cire sanarwar. Da yamma ya shaida wa majalisa cewa suna jin sunansa suka arce.

Akwai abin da zan faɗa don kada ki ji a wani wuri. Tun kafin abin Hajiya, Sista Pamela ta taɓa nuna min irin waɗannan tallace-tallacen magani, ta ce ba ta ji daɗin ganinsu kusa da aikinta ba. Kamfanin tallan yana da wurin da ake rufe duk wani tallan da ya shafi lafiya, na kuwa rufe. Sai na ga ashe su ne masu tsoka, abin da ke shigowa ya rame, sai na sake buɗewa da niyyar na ɗan lokaci ne. Bayan Hajiya ta kwanta na nemo tallan kwalbar na toshe shi. To amma mutanen nan ba sa gajiya, yau kwalbar kore ce, gobe ruwan ƙasa, suna daban, murmushin dai shi ne. Ni kaɗai ba zan iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba, ina da girki.

Yanzu wa'adin hayar shafin zai cika jim kaɗan bayan biki. In ban sabunta ba, shafin ya rufe, aikin shekaru ya tafi. Za ki ce in roƙi Alhaji ya biya. Zai biya kafin in rufe baki, amma tsohon ɗan kwastam ne, tambayar da za ta biyo baya ita ce wa yake biya duk shekarun nan.

Ga dabarar da na yanke. Matan dangi duk a gidanmu za su sauka saboda muna da sola, kuma kin san al'ada, kowace tana shigowa wayarta take miƙo wa matar gida a sa mata a caji. A sitona ake jera su. Yawancin hajiyoyin nan ba sa kulle waya, masu kullewar ma ni nake buɗe musu in sun manta. Ina so in bi su a nutse, ana can ana kamu, in cire shingen daga kowace. In suka koma garuruwansu, ko ba komai a samu na haya. Shin wannan cin amana ne, ko kuwa ƙwatar haƙƙina ne? In kuma akwai wata hanyar da tallan zai riƙa zagaye shingen ba tare da Alhaji ya gani ba, ki tambayar min masana.

Don Allah kada ki ce in gaya masa, na san wannan shawarar, kyauta ake samunta a ko'ina. Ta yaya zan dubi mutumin nan in ce kwalbar da ta kwantar da mahaifiyarsa ni na ba ta masauki, har an yaga min wani abu a kanta? Alhaji ba mai faɗa ba ne, ba kuma mai saki ba ne. Shiru zai yi. Zai daina ambatona a majalisa, ni kuwa wannan nake tsoro fiye da komai.

Taki cikin damuwa,
Mai Tukunya, Nasarawa GRA, Kano.

AMSAR ANTI LUBA

Wa alaikumus salam Mai Tukunya. Na sakaya sunanki kamar yadda kika nema, amma ki gaya min, tsofaffin 'yan kwastam nawa ne a Nasarawa GRA da ake kira Alhaji Shinge? Ki yi addu'a maigidanki ba ya karanta wannan filin. In yana karantawa, to rabin aikin da zan ba ki ya riga ya kammala.

Mu fara da sito. Ki bar wayoyin mutane. Matar da ta miƙo miki waya a sa a caji amana ta ba ki, ba sai an tara malamai a kan wannan ba. Ko ta fuskar dabara ma shirin bai tsaya da ƙafarsa ba. Kafin a kai amarya wata za ta buɗe waya ta ga hoton caca, ta kai wa Alhaji ƙara, shi kuma ya gano cewa 'yan fasa-ƙwaurin sun iso har cikin gidansa. Zai mayar da shingen a wuni ɗaya cikin farin ciki, sannan ya buɗe bincike, kuma wata baiwar Allah da ba ta ji ba ta gani ba ce zargin zai faɗa wa. Masanan da kika ce in tambaya kuwa, ban tambaya ba, ba kuma zan tambaya ba.

Kina da gaskiya ta wani gefen, ba zan hana ki ita ba. Shafi ba a iska yake zaune ba. Akwai haya, akwai guminki, akwai ilimin Sista Pamela, kuma ba abin kunya ba ne mace ta ci daga aikin hannunta. Mutanenmu sun saba ganin duk abin da ke cikin waya daga sama yake faɗowa, a karanta, a yaba, a wuce. Jaridar nan da kike karantawa ma da talla take numfashi, editanmu in ya ji an ambaci manhajar nan har hawan jininsa ke tashi. Alhaji da majalisarsa suna buƙatar wanda zai gaya musu cewa shingen ba ya tantance mugu da na kirki, kowa yake tarewa, har da mai tuwon acca.

Amma shi ma yana da tasa gaskiyar, kuma ta fi taki nauyi. Mutane ba don mugunta suke toshe talla ba. An cinye musu data, an rufe musu rubutu da hotunan banza, an yi musu ƙarya, har suka gaji. Ni ma akwai manhajar a wayata, kada ki gaya wa edita. Alhaji ya yi kuskure a kan wanda ya buɗe ƙofa, amma bai yi kuskure a kan kayan da suka shigo ba. Batun cewa ba ƙarya kika yi masa ba, na riƙe kamar yadda kika ce in riƙe, na kuma juya shi ta ko'ina, ban ga inda ya bambanta da ƙarya ba sai a rashin motsa leɓe. Hajiya ma ba ta yi wauta ba. Sunanki ne a saman shafin, amincin da ake yi miki ne ya sayar da kwalbar nan, kuma kin san inda makunnin rufewa yake tun da kin taɓa taɓa shi.

Ga abin yi. Ki rufe duk tallan da ya shafi lafiya, kada ki tsaya bin kwalabe da launinsu. In kin ga sauran ma ba ki yarda da su ba, ki sallami kamfanin. Guraben nan naki ne, ki sayar da su da kanki ga mutanen da kika san fuskarsu: mai acca mai tsabta, mai niƙa alkama, kantin da ke sayar da na'urar gwajin suga ta gaskiya. Duk wanda zai shiga sai Sista Pamela ta amince, kamar girki. Tallan da mai shafi ya ɗora da hannunsa a matsayin hoto da rubutu galibi shingen ba ya kama shi, wanda ya gani kuma ba zai ji an yi masa kutse ba. Ki tara girke-girken ki buga ɗan littafi. Ki buɗe ajin Asabar a gidanki, matan GRA da ke dafa wa mazaje masu suga ba za su gagara biya ba. Kina kuma da abin da kamfanoni ke nema da kuɗi ba su samu ba. Mutumin da muryarsa ta kai sunan shafinki har Kaduna ta dawo, babu mai talla kamarsa a Kano, shi ne dai bai san sunan sana'ar tasa ba.

Ba zan yaudare ki ba, wannan hanyar tana da jinkiri. Mai yiwuwa abin da zai shigo bai kai na da ba, mai yiwuwa sai kin karɓi taimakon Alhaji a hayar bana, ko ki mayar da shafin ƙaramin masauki. Duk wannan ana farfaɗowa daga gare shi.

Shawarar da kika hana ni bayarwa kuwa, ita zan bayar, tun da kyauta ce. Ki gaya masa, kafin biki, kafin gida ya cika. Ki fara rufe tallan, don ki je masa da abin da kika riga kika gyara. Ki faɗa masa duka, har da rufewar da kika yi kika sake buɗewa, domin in kika rage wani abu shi zai tono. Zai yi shirun da kike tsoro, ki ƙyale shi ya yi, haƙƙinsa ne, mahaifiyarsa ce. Yabon da yake miki yanzu na wata mata ce da ya ƙirƙira, ke kuma kina ta wahalar ciyar da ita. Wanda zai yi miki nan gaba, in ya huce, naki ne. Sannan ki shirya ki je Gawuna ki durƙusa gaban Hajiya, ita ce ta kwanta a gadon asibiti.

Saura abu ɗaya, shi ya sa na tsallake wasiƙu da yawa na ɗauko taki. Kin ce har yanzu ɗan wani abu yana ɗigowa. Kin tsaya kin tambayi kanki daga ina? Daga wayoyin da hannun Alhaji bai kai gare su ba ne. Wata tsohuwa a Tudun Murtala, wani magidanci a Kaura Goje, masu suga kamar Hajiya, waɗanda ba su da ɗa mai mota da zai kwashe su zuwa asibiti in sun faɗi. Da safiyar nan wani a cikinsu ya buɗe shafinki yana neman abin da zai ci, kwalbar tana nan tana jiransa, ya kuma yarda da ke. Ke kuma kin rubuto kina tambayata yadda za ki ƙara musu da dangin mijinki.

Ki ajiye jaridar nan ki je ki rufe, sauran maganar ta biyo baya. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sanyaya zuciyar Alhaji, ya raya shafinki da halal, ya sa a yi biki lafiya a watse lafiya.

Anti Luba